Harajin Kuɗin Shiga ga Sabon Ɗan Kwangila: Abin da Ake Cirewa da Abin da Ake Biya

Harajin kuɗin shiga a Nijeriya a kan riba ake ɗora shi, ba a kan duk kuɗin da ya ratsa ta hannun mutum ba. Ma'aikacin albashi bai cika damuwa da wannan bambanci ba, domin ofishinsu ne ke yin lissafi, ya cire harajin kafin albashi ya shiga asusu, ya kai wa hukuma a ƙarƙashin tsarin da ake kira PAYE. Amma daga ranar da mutum ya fara cin gashin kansa, ko birkila ne da ya soma karɓar kwangilar gini, ko mai haɗa wutar sola, ko injiniya mai ba da shawara, ko mai kai wa ofisoshi kaya, ko mai aikin kwamfuta da ake biya aiki-aiki, duk wannan nauyi ya dawo wuyansa. Shi zai yi rajista, shi zai rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, shi zai fitar da ribarsa, shi kuma zai kai bayani gaban hukuma ba tare da an aiko masa da takarda ba.

Dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Haraji ta Nijeriya ta 2025, ɗaya daga cikin dokoki huɗu da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, bayan aikin kwamitin gyaran haraji da Taiwo Oyedele ya jagoranta. Ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ta maye gurbin dokar 1993 wadda aka yi wa babban gyara a 2011. Sanin haka yana da amfani, domin yawancin shawarwarin da tsofaffin hannu ke bayarwa a kan tsohuwar doka suka dogara: harajin da ke farawa daga kashi 7 ya tsaya a kashi 24, da rangwamen nan na naira 200,000 haɗe da kashi 20 na kuɗin shiga. Duk waɗannan sun kau. Haka nan wannan haraji ya sha bamban da wanda dattawan arewa suka sani, wanda dagaci da mai unguwa ke karɓa a kan kowane baligi, har gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke shi tare da jangali a 1979. Wancan kawuna ake ƙirgawa. Wannan kuwa samu ake aunawa, kuma wanda samunsa bai kai ba, ba ya biyan komai.

Mutum ɗaya mai sana'ar kansa yana biyan harajinsa ne ga hukumar tattara kuɗaɗen shiga ta jihar da yake zaune: KIRS a Kano, KADIRS a Kaduna, FCT-IRS a Abuja, haka sauran jihohi. Mazauni ake dubawa, ba inda aikin yake ba. Mazaunin Zariya da ya yi wata uku yana gina ajujuwa a Dutse, Kaduna zai biya. Yin rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC bai canza wannan ba, domin sunan kasuwanci da mai shi abu ɗaya ne a idon doka. Kamfani mai cikakkiyar rajista ne ke zama wani daban da mai shi, shi kuma lissafinsa yana hannun hukumar tarayya ta NRS, wadda ta gaji FIRS, da nasa ƙa'idojin. Wannan bayani ya tsaya ne a kan mutum ɗaya.

Matakin farko shi ne lambar haraji, wadda aka fi sani da TIN. A sabon tsari an ɗaure ta da lambar ɗan ƙasa ta NIN, amma duk da haka ya kamata mutum ya je ofishin harajin jiharsa ko shafinsu na intanet a buɗe masa fayil a matsayin mai sana'ar kansa, musamman idan a da an san shi a matsayin ma'aikacin wani. Rashin rajista yana jawo tarar naira 50,000 a watan farko da naira 25,000 a kowane wata bayansa. Wani abin da ya fi tarar ciwo ga ɗan kwangila shi ne doka ta ɗora tarar naira miliyan 5 a kan kamfani ko hukumar da ta ba wanda ba shi da rajista kwangila, don haka manyan masu ba da aiki ba sa ma sauraron wanda ba shi da lamba.

Daga nan sai lissafin abin da ya shigo. Duk abin da sana'a ta kawo kuɗin shiga ne, ko tsaba aka miƙa, ko ta banki aka turo, ko da kaya aka biya. Wanda ke zaune a Nijeriya yana yi wa mutanen waje aiki ana biyan sa da dala, wannan ma yana ciki, bayan an juya shi zuwa naira. Wanda yake da albashi kuma yana taɓa kwangila a gefe, dole ya bayyana duka biyun, sai a cire masa abin da ofishinsu ya riga ya biya. Amma ba duk kuɗin da ya faɗa asusu ne kuɗin shiga ba. Rance, da ajiyar da wani ya bayar amana, da kyautar ɗan'uwa, da kwasar adashi, da jarin da mutum ya zuba daga aljihunsa, babu ɗaya da ke cikin samun sana'a. Matsalar ita ce idan duk sun cakuɗe a asusu ɗaya da kuɗin kwangila da na cefane, jami'in haraji ba shi da hanyar rarrabewa, kuma mai asusun ne zai kawo hujja. Saboda haka buɗe asusu na daban domin sana'a kaɗai yana cikin ayyukan makon farko.

Kuɗin kafin alƙalami yana ruɗin sababbin 'yan kwangila ƙwarai. Mutumin da ya saba da albashin naira 150,000 ya wayi gari da miliyan 5 a asusunsa, sai ya ɗauka ya samu. Alhali mafi yawan kuɗin na siminti ne da rodi da leburori, ɗan abin da zai rage a ƙarshe kuma akwai rabon hukuma a ciki.

Zuciyar al'amarin ita ce kuɗaɗen da doka ta yarda a cire kafin a ɗora haraji. Ma'aunin ɗaya ne: kuɗin ya kasance an kashe shi kacokan domin samar da kuɗin shigar, kuma domin hakan kaɗai. Duk abin da ya cika wannan sharaɗi ana cire shi. Kayan da aka saya aka zuba a aiki, irin su siminti, katako, waya, batir, fenti. Ladan leburori da masu hannu da aka ɗauko, kafinta ko mai walda ko mai famfo, da albashin yaran shago. Hayar shago ko ofis ko sito, da hayar injin kwaɓa kankare ko tifa. Kuɗin dako da lodi da sauke kaya. Man mota da na janareto da aka ƙona a kan aiki. Gyaran kayan aiki. Kuɗin wuta da ruwa na wurin sana'a, katin waya da data, buga takardun neman kwangila, talla, ladan akanta ko lauya a kan harkar sana'ar, inshorar kaya, cajin banki a asusun sana'a, da kuɗin ruwa a kan rancen da aka zuba a aikin. Idan aiki ya kai mutum wani gari, kuɗin mota da masauki na wannan tafiya suna ciki.

Akwai wurare biyu da ake yawan kuskure ko da an san wannan jeri. Na farko, kayan da aka saya ba a yi amfani da su ba har shekara ta ƙare. Buhun siminti 200 da ke jibge a sito ranar 31 ga Disamba ba kuɗin da aka kashe ba ne tukuna, dukiya ce a ajiye, sai shekarar da aka yi aiki da su za a cire kuɗinsu. Na biyu, bashin da ya maƙale. Ɗan kwangilar da ya gama aiki ya miƙa takardar neman biya, kuɗin ya shiga lissafin samunsa ko da bai zo hannu ba. Idan daga baya ta tabbata bashin ya mutu, doka ta yarda a cire shi, amma sai an nuna an bi sawu an gaza: wasiƙun tuni, takardar lauya, ko shaidar cewa wanda ake bi ya karye. Jinkirin biya kawai, irin wanda masu aiki da ma'aikatu suka saba gani, bai mai da bashi matacce ba.

Abin da ya fi wuya shi ne kayan da sana'a da gida suke tarayya a kansu, kuma kusan kowane sabon ɗan kwangila da irin su yake farawa. Mota ɗaya ce ke kai kaya wurin aiki da safe, ta ɗauko yara daga makaranta da rana. Waya ɗaya ce ake kiran dila da ita, ake gaida iyaye. Ɗaki ɗaya a gida ya zama ofis. Hanyar da ta dace ita ce a raba kuɗin gwargwadon amfani, a cire rabon sana'a kaɗai, kuma rabon ya kasance yana da madogara. Ga mota, ƙaramin littafi a ajiye a cikinta ya isa: rana, inda aka je, dalili, da nisan tafiya. Idan littafin ya nuna kashi uku cikin huɗu na zirga-zirgar aiki ne, sai a cire kashi uku cikin huɗu na mai da gyara. Ga gida mai ɗaki biyar da aka ware ɗaya domin aiki, kashi ɗaya cikin biyar na haya da wuta abu ne da za a iya karewa. Wanda ya ce duk man da ya sha a shekara na aiki ne, alhali ba shi da wata motar, ya ba jami'i dalilin shakkar sauran lissafinsa gaba ɗaya, kuma wannan asara ce da ta fi ɗan abin da ya so ya tsira da shi.

Abubuwan da ba a cirewa su ma a fili suke. Cefane, kuɗin makarantar yara, ɗinkin salla, biki da suna, duk hidimar gida ce. Kuɗin da mai sana'a ya ɗiba domin kansa ba albashi ba ne, ribarsa ce ya ci, don haka ba ya rage haraji. Tarar da aka ci mutum saboda karya doka ba ta shiga. Biyan uwar kuɗin rance ba ya shiga. Zakka da sadaka ibada ce tsakanin mutum da Ubangijinsa, ba kuɗin gudanar da sana'a ba. Goron da ake miƙawa a ɓoye domin a samu aiki ko a saki fayil ba shi da gurbi a littafi, laifi ne a doka, kuma ba wanda zai ba da rasit a kansa. Sabuwar doka ta ƙara wani sharaɗi mai nauyi: kayan da ya kamata a caji harajin VAT a kansu amma ba a caja ba, ko kayan waje da ba a biya musu kuɗin kwastan ba, ana iya ƙin cire kuɗinsu. Ma'ana, arhar da ake samu wajen mai cewa a bar maganar rasit tana iya komawa tsada a ƙarshen shekara.

Manyan kayan aiki da ke daɗewa, kamar mota, janareto, injin walda, kwamfuta da kujerun ofis, ba a cire kuɗinsu gaba ɗaya a shekarar saye. Ana rarraba shi a kan shekaru, ana cire wani kaso kowace shekara a matsayin rangwamen kayan jari. Doka ta kasa su aji uku: kashi 10 a shekara ga irin su gine-gine, kashi 20 ga injuna da kayan ofis, kashi 25 ga motoci da manhajar kwamfuta. A nan ma ana bambanta gyara da sabuntawa. Canza taya ko gyaran birki kuɗin shekara ne, ana cire shi nan take. Sayen wata motar kuwa jari ne. Wanda ya shigo sana'a da kayan da ya mallaka tun yana ma'aikaci, ya nemo takardun sayensu ya rubuta su a littafi tun ranar farko.

Bayan an fitar da ribar sana'a, akwai wasu 'yan abubuwa na ƙashin kai da doka ta yarda a rage. Su ne gudummawar fansho, da inshorar lafiya ta ƙasa, da asusun gidaje na ƙasa, da inshorar rai, da kuɗin ruwa a kan rancen gina gidan da mutum zai zauna a ciki, sai sassaucin haya. Sassaucin haya kashi 20 ne na hayar gidan zama ta shekara, amma ba ya wuce naira 500,000, kuma sai an bayyana ainihin hayar da aka biya. Mai zaune a gidan kansa ko gidan gado ba ya samun wannan.

Abin da ya rage shi ake ɗora wa haraji, hawa-hawa kamar matakala. Naira 800,000 na farko babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye, kashi 15. Miliyan 9 na gaba, kashi 18. Miliyan 13 bayansu, kashi 21. Miliyan 25 na gaba, kashi 23. Abin da ya haura miliyan 50, kashi 25. Kowane kaso a kan nasa hawan kaɗai yake faɗawa, don haka shiga hawa na gaba ba ya ƙara haraji a kan kuɗin da ke ƙasa.

Misali zai fayyace. A ɗauka mai haɗa wutar sola ya yi aikin naira miliyan 18 a shekara. Ya kashe miliyan 8.5 a kaya, miliyan 2.2 a ladan ma'aikata, 600,000 hayar shago, 900,000 rabon aiki na mai da sufuri, 150,000 kati da data, 150,000 gyare-gyare da cajin banki. Jimilla miliyan 12.5, saura miliyan 5.5. Yana da motar miliyan 4 da kashi uku cikin huɗu na amfaninta na aiki ne: kashi 25 na kuɗinta miliyan 1 ne, rabon aiki 750,000. Yana da na'urorin naira miliyan 1.25, kashi 20 nasu 250,000. An cire miliyan 1 ke nan, saura miliyan 4.5. Hayar gidansa miliyan 1 ce, sassauci 200,000, ya kuma zuba 100,000 a fansho. Abin da za a ɗora wa haraji ya zama miliyan 4.2. Na farkon 800,000 babu komai, miliyan 2.2 sun ba da 330,000, ragowar miliyan 1.2 a kashi 18 sun ba da 216,000. Harajinsa naira 546,000. Da a ce a kan miliyan 18 ɗin gaba ɗaya za a yi lissafi, da harajin ya kai naira miliyan 3.21. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu, takardu ne kaɗai ke tabbatar da ita.

Sau da yawa ɗan kwangila zai ga an biya shi ƙasa da abin da ya rubuta, a ce an cire haraji daga tushe. Ma'aikatun gwamnati da kamfanoni wajibi ne su yi hakan. Bisa ƙa'idojin 2024 da suka fara aiki a Janairun 2025, ana cire kashi 2 a kan kai kaya da kuma gina hanya, gada ko gini, kashi 5 a kan aikin ƙwararru da ba da shawara, kashi 10 a kan haya, kuma ana ninka kason ga ɗan kwangilar da ba shi da lambar haraji. Wannan ba wani haraji ne na daban ba, biya ne na gaba da za a rage daga harajin shekara. Idan mai solar nan an cire masa jimillar naira 300,000 a ayyukan da ya yi wa kamfanoni, abin da zai cika 246,000 ne kawai. Sharaɗin shi ne ya karɓi rasit ɗin cirewar daga hannun wanda ya cire, da sunansa da lambarsa daidai, ya kuma tabbata hukumar jiharsa aka tura wa kuɗin, tunda shi mutum ɗaya ne ba kamfani ba. 'Yan kwangila da yawa suna barin wannan haƙƙi ya salwanta saboda ba su san nasu ba ne, ko suna jin nauyin komawa ofis neman takarda bayan an biya su. Lokacin neman ta shi ne ranar da kuɗin ya shigo.

VAT kuma lissafinsa daban. Kashi 7.5 ne da ake ɗorawa a kan farashi, mai saye ke biya, mai sayarwa ya karɓa a madadin hukumar tarayya. Wanda ya karɓe shi ya san amana ce a hannunsa, ba ta shiga ribarsa. Haka wanda ya ɗauki ma'aikata na dindindin ya zama mai cire musu PAYE, ya kai wa jiha kafin 10 ga watan da ke biye, sai dai wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba, ba a cire masa.

Duk abin da aka faɗa ya rataya ne a kan rubutu, kuma a nan sana'o'inmu suke da rauni, domin yawancin ciniki da baki ake yin sa. Mai yashi ba ya ba da rasit, leburan da aka ɗauka a bakin titi ma haka. Maganin ba shi da tsada. A riƙa biya ta banki duk inda ya yiwu, a rubuta dalilin biyan. Inda tsaba ta zama dole, a tanadi littafin biya mai kwafi, a rubuta rana da suna da aiki da adadi, wanda ya karɓa ya sa hannu ko ya dangwala. Rasit ɗin gidan mai da na POS suna gogewa cikin 'yan watanni, don haka a ɗauki hotonsu da waya a ranar. Kowace kwangila a ware mata fayil: takardar ba da aiki, takardar neman biya, shaidar biya, rasit ɗin cirewa. Doka ta ce a adana waɗannan takardu shekara shida. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ya bari sai watan Maris zai tuno abin da ya kashe bara, rabin haƙƙinsa zai manta. Yana da kyau kuma duk lokacin da aka biya kuɗin aiki a ware wani abu daga ribar a asusu na daban, domin haraji ya tarar da kuɗinsa a ajiye.

Ana miƙa bayanin shekara zuwa ranar 31 ga Maris, a kan samun shekarar da ta gabata, ko an ci riba ko an yi asara. Bayyana asara ma yana da amfani, domin ana rage ta daga ribar shekarun gaba. Rashin miƙawa yana jawo tarar naira 100,000 a watan farko da 50,000 a kowane wata bayansa, jinkirin biya kuma yana ƙara kashi 10 tare da kuɗin ruwa. Wanda bai kai bayani ba, ko ya kai babu hujja, hukuma tana da ikon yi masa ƙiyasi da nata hasashen. Idan ƙiyasin ya yi yawa, yana da kwana 30 ya rubuta ƙorafi da dalilansa, in ba a daidaita ba ya wuce kotun ɗaukaka ƙarar haraji. Idan kwanakin suka wuce bai ce komai ba, ƙiyasin ya zauna. Kuɗin haraji a asusun gwamnati ake biyan sa, ta banki ko ta shafin hukuma, a karɓi rasit na hukuma. Ba a miƙa shi a hannun kowa.

Bayan biya sai a nemi takardar shaidar biyan haraji, wadda ma'aikatu ke tambaya kafin su karɓi takardun neman kwangila. Tana nuna samun mutum da harajinsa na shekaru uku da suka gabata, don haka lissafin da sabon ɗan kwangila ya yi a shekararsa ta farko zai ci gaba da bayyana a takardunsa har shekara ta huɗu.